Mai Riƙon Igiya a Bakin Rijiya

Akwai wani tsoho, shugaban masu haƙar rijiya, wanda ƙarfinsa ya soma ƙarewa. Sai ya ga lokaci ya yi da zai miƙa shugabanci ga ɗaya daga cikin ma'aikatansa. Mutum biyu ne suka fi daɗewa tare da shi. Barnaba mai fara'a ne, bakinsa da daɗi. Duk ƙauyen da suka sauka, kafin rana ta faɗi ya san kowa, kowa ya san shi. Habila kuwa ba shi da yawan magana. In an tashi aiki, sai ya ja gefe ya zauna shi kaɗai. Amma duk wanda zai sauka cikin rami, Habila yake so ya riƙe masa igiya.

Wata rana tsohon ya tara su, ya dubi Habila a gaban kowa ya ce, "Za ka iya bi da mutanen nan?"

Habila ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, bari in yi tunani tukuna."

Barnaba ya miƙe ya ce, "Baba, ni zan iya, ko yau ma."

Tsohon ya ce a ransa, "Habilan nan, in ba tsoro ba ne, to girman kai ne. Wanda ba ya zaman hira da mutane, yaya zai shugabance su?" Nan take ya naɗa Barnaba.

Habila bai yi gunaguni ba, ya ci gaba da aikinsa. Amma sai aka fara cewa shirunsa hassada ce. Da maganar ta yi yawa, ya tattara kayansa ya tafi wata ƙasa.

Bayan wani lokaci, ma'aikatan tsohon suna haƙa rijiya a wuri mai rairayi. Wani ma'aikaci mai suna Tanimu yana can ƙasa, Barnaba yana riƙe da igiya, mutanen ƙauye sun kewaye shi yana ba su labari suna dariya. Tanimu ya ga ƙasa ta fara zubowa. Ya girgiza igiya, ya yi kira, ya sake kira, ba wanda ya ji. Kafin a ankara, gefen ramin ya rufta. An ciro shi da rai, amma ƙafarsa ba ta ƙara taka ƙasa daidai ba. Barnaba ya yi kuka mai zafi, gama ba mugun mutum ba ne.

Tsohon ya ɗauki sandarsa ya tafi neman Habila. Ya same shi yana shugabantar wasu masu haƙa, suna aiki cikin natsuwa, ba mai ɗaga murya. Ya ce masa, "Ɗana, ashe za ka iya. Me ya hana ka faɗa mini?"

Habila ya ce, "Baba, rayukan mutane ka so ka ɗora mini, shi ya sa na tsaya in auna. Na yi niyyar in ce maka zan karɓa, amma ba ka sake tambayata ba."

"To, mu koma gida."

"Waɗannan ma sun dogara gare ni yanzu, Baba. Ba zan bar su ba."

Tsohon ya koma shi kaɗai, yana baƙin ciki ƙwarai.

Ma'anar wannan misali ita ce, tsohon nan mu ne, mu da muke zaɓen shugabanni a ikkilisiya da wurin aiki da cikin gida. Allah ya ba wasu baiwar magana, baiwa ce mai kyau. Wasu kuma ya ba su kunne, da zuciya mai auna abu kafin baki ya furta. Mukan ga mai shiru mu ce matsoraci ne, ko mai raini, ko ba ya ƙaunar mutane, alhali kuwa shi ne yake jin muryar wanda yake can ƙasa cikin rami. Hutunsa ne kawai yake yi a kaɗaice, amma zuciyarsa tana tare da jama'a.

'Yan'uwa, akwai irin Habila a cikinmu, watakila a bencin baya yake zama. Ku tambaye shi a keɓe, ku jira amsarsa. Da yawa sun riga sun tafi, mu kuwa ba mu ma lura da ranar da suka fita ba.