Ranar da Illo Ya Kwance Famfo

Malam Illo tsohon direba ne a Madarunfa. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana jigilar fasinja tsakanin Maraɗi da Katsina. Mutum ne mai kirki da sakin hannu, sai dai bakinsa bai iya furta "ban sani ba".

Ana gobe sunan jikarsa ta fari, matarsa Zahara'u ta karɓo niƙan dawa buhu guda, na tuwon baƙi, ta tankaɗe, ta baza a tabarmi ya sha iska. Can gefe kuwa ga famfon tsakar gida, wanda kullum aka kawo ruwa sai ya yi ta ɗiga, don makunninsa ya daɗe da lalacewa.

Zahara'u ta ce, "Malam, a kira Shu'aibu ya canza shi kafin mutane su cika gida."

Shu'aibu mai gyaran famfo ne, kuma ɗan kawun Illo, wato abokin wasansa.

Illo ya ce, "Wa? Shu'aibu? Ya zo ya gyara, ya shekara yana ba da labarina a tasha? Ni da na toshe lagireton mota da sabulu a dajin Gabi, na kai fasinja lafiya? Ga sabon makunni nan na sayo a kasuwar Ɗan Issa."

"To, ka dai rufe babban makunni na bakin ƙofa."

"Ruwan da aka ɗauke tun hantsi, me zan rufe? Ba ya dawowa sai la'asar."

Gaskiyar magana, bai san inda makunnin yake ba, kuma ba zai tambayi mace ba.

Ya naɗe hannun riga, ya kama tsohon makunnin famfon da filaya, ya murɗa har ya fito. Ya ɗauko sabon. Ya gwada ta nan, ya gwada ta can, bakinsa ya fi na tiyon famfon faɗi. Yana cikin jujjuya shi sai tiyo ya yi tari, ya yi gurnani. Ran nan ruwa bai jira la'asar ba.

Hularsa ce ta fara tashi sama. Ya danna babban yatsa a bakin tiyo, ruwan ya tsage biyu, rabi a fuskarsa, rabi a kan gari.

"Zahara'u! Sabulu! Kawo roba!"

"Garina, Malam! Garina!"

Ya cusa sabulu, ruwa ya harbo shi kamar dutsen gwafa. Da dabara ta ƙare masa, sai ya tattara babbar riga ya zauna a kan tiyon. Haka Shu'aibu ya tarar da shi, don Zahara'u ta riga ta buga masa waya.

Shu'aibu ya tsaya a bakin zaure, ya duƙa, ya ɗaga wani ɗan murfi kusa da ƙafarsa, ya murɗa sau ɗaya. Ruwa ya tsaya cak.

Ya ce, "Sannu da zama, bawana. Kwancin ƙwai kake yi? Kada ka tashi, bari in kira mai hoto."

Ruwa yana ta zuba daga gemun Illo.

Garin tabarma biyu ya bi rariya. Na ukun ya jiƙe sharkaf, ba ya tuƙuwa. Washegari baƙin da suka zo tun daga garin Sarkin Yamma da yunwar tuwo, kunu aka dama musu, kowa ludayi uku. Shu'aibu da kansa ya riƙa bi da ƙwarya yana cewa, "A sha a yi wa direba addu'a, shi ya jiƙa da hannunsa."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, iya wani aiki ba ya sa mutum ya iya kowane aiki. Tambaya ba ta rage girman dattijo. Wanda ya ƙi ta don gudun dariyar mutum ɗaya, yana iya jawo wa iyalinsa asara, kuma gari guda ya yi masa dariyar.