Birnin da Ake Dakan Iska

A zamanin da, an yi wani sarki wanda ya ƙi jinin a ce ƙasarsa ta gaza. Wata shekara fari ya tsananta, rumbuna suka ƙare, sai ya sa aka yi shela: duk wanda ya ambaci yunwa a kai shi gidan yari, kuma lalle a ji daka a kowane gida safe da yamma, domin baƙi su shaida wadata. Mata suka shiga kirɓa taɓarya a turmi ba ko ƙwaya, dogarai na bin lungu-lungu suna saurare.

A bakin ƙofar gari akwai wata dattijuwa, Tasalla, mai saukar fatake. 'Yarta na jego, nono ya ƙafe, jinjirar ko kuka ta daina yi. Ran nan wani madugu mai suna Jatau ya sauka gidanta da ayarin jakuna ɗauke da gero. Dogari kuwa na zaune a zaure.

Jatau ya ce, "Iya, ku kam kun ji daɗinku. Ko'ina lugude, ba mai roƙo, ba mai ƙorafi. Wa zai sayi gero a nan? Gobe in Allah ya kai mu, gaba zan yi."

Tasalla ta saci kallon dogari, ta ce, "Mun gode Allah, ɗana."

Ta shiga ciki ta yi alwala, ta daɗe a kan buzu. Sannan ta wanke akushi tas, ta rufe da faifai, ta kawo gaban baƙo. "Ga abin da muka daka yau. Bisimilla."

Jatau ya ɗaga faifai, ya ga wayam. Ya dube ta, ya kasa kunne ga dakan maƙwabta, ya gane turmin wofi ake dakawa. Nan take dogari ya tasa su zuwa fada, har da akushin.

Sarki ya ce a ɗaure ta. Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, wace doka ta karya? Ba ta ambaci komai ba. An ce ta daka, ta daka, ta ba baƙo abin da ya fito."

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, a kowane zango labarin ƙoshin garinka ake yi. Ayarin hatsi nawa suka bi ta bayan ganuwarka suka wuce saboda dakan nan! Ni ma saura ƙiris."

Sarki ya juya ga Tasalla. "Ke tsohuwa, kuna mutuwa, me ya hana ku faɗa?"

Ta sunkuyar da kai. "Kai ka hana, ranka ya daɗe. Mu kuwa muka bi."

Sarki ya daɗe yana duban akushin, sannan ya ce a janye dokar, a saki na gidan yari, a sayi geron Jatau duka a raba, a tura mahaya su juyo da sauran ayari.

Da safe garin ya tashi shiru, karo na farko. Sai da hantsi ya ɗaga aka ji daka daga gidan Tasalla, a hankali, irin na turmin da ke da hatsi. Kafin mako ya zagayo, jinjirar ta tsala kuka, Tasalla ta ɗaga hannu ta ce, "Alhamdu lillahi."