Direban da Ya Tare wa 'Yarsa Hanya

Akwai wani direban ƙaramar bas a El Alto, garin da ke kan tudu a saman birnin La Paz, sunansa Don Fortunato Limachi. Mutumin nan Allah ya zuba masa taurin kai.

Tun da aka kafa motar igiya mai aiki da lantarki, wadda ke sauke mutane La Paz ta sama, ba hayaƙi ba cunkoso, ya ɗaura gaba da ita. Fasinja sun ragu, gaskiya ne, kuma da ciwo. Amma shi sai da ya rantse gaban 'yan ƙungiyarsu ta direbobi cewa ba wani ɗan gidansa da zai shiga "kwandon nan mai lilo".

Ranar da direbobi suka shiga yajin aiki, shi ne kan gaba wajen jera duwatsu a titi. Shi ya dage cewa duk direban da aka kama da fasinja a zane shi da bel kamar yadda suka saba, kada a saurari uzurin kowa.

Da hantsi matarsa Doña Eulalia ta kira shi. Naƙuda ta kama 'yarsu Marisol, jini take zubarwa, ungozoma ta ce sai babban asibiti can ƙasa a La Paz. Tashar motar igiya tana bayan gidansu. Eulalia ta roƙe shi har da hawaye a kai ta da motar igiyar.

Ya ce, "Ga mota a ƙofar gida, 'yata ta shiga wannan abin? Da wane ido zan kalli mutane?"

Ku ji fa! Yarinya na zubar da jini, shi idon mutane ne ya dame shi. Wallahi ko yanzu na tuna sai raina ya ɓaci.

Ya kwashe su a bas. Shingen farko aka ɗaga masa, mutanensa ne. Na biyu direbobin wata unguwa ne, ba su san shi ba. Ya yi rantsuwa, ya yi magiya, ko leƙa motar ba su yi ba.

Wani ya zare bel yana dariya. "Baba, yau kowa 'yarsa naƙuda take yi. Dokar ƙungiya ce."

Suka sace masa iskar tayoyi.

Matan kasuwa ne suka ji ihun Eulalia. Suka naɗe Marisol a bargo, suka ɗauke ta da ƙafa har tashar motar igiya mafi kusa. Masu layi suka matsa gefe. Fortunato ya bi su ciki, kansa a ƙasa, ba wanda ya ko dube shi.

Marisol ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba.

A asibitin wata likita ta fito tana faɗa. "Da kun zo da wuri da an cece shi. Ina kuka tsaya?"

Eulalia kuwa mijinta kawai ta juya ta kalla.

Darasi: Kare sana'arka haƙƙinka ne, amma kada girman kai ya sa ka yaƙi abin da ke sauƙaƙa wa jama'a. Hanyar da ka toshe wa wasu, naka ma ita za su bi. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu taurin kan cikinmu.