Biskit ɗin Ottmar da Guntun Tuffa

Dalilin da ya sa Jamusawa ba sa cin biskit ɗinsu na Kirsimeti da zafinsa, sai sun rufe shi a gwangwani tare da yankan tuffa, wani tsoho ne ya jawo.

Sunansa Ottmar, mai kiwon zuma a wani ƙauye. A zamaninsa, ranar da aka gasa biskit ranar ake cinye shi. Matarsa ce gwanar yinsa, da zuma da citta da kirfa da kanumfari. Da ta rasu, 'yarsu Hedwig ta koma birni, ta ce gidan ya daina ƙamshin gida. Shekara biyar ba ta leƙo ba, abin kuwa yana cin tsohon a rai.

Sai ga wasiƙa: za ta zo bikin Kirsimetin bana, amma kwana ɗaya tak. Saura mako biyu, Ottmar ya kasa haƙuri. Mutumin da ko shayi bai iya dafawa ba ya shiga kwaɓi. Ya zabga zuma, tunda tasa ce, ya sa a tanda, ya tafi duba amyarsa. Biskit ya fito kamar tsakuwa. Ya gwada guda, haƙorinsa na gaba ya fita.

Kunya ta kama shi, zubarwa kuma ɓarnar zuma ce. Sai ya juye shi a gwangwani, ya jefa guntun tuffar da ya kasa ci saboda dasashi na ciwo, ya ɓoye a bayan kabad.

Ranar biki Hedwig ta iso, ko rigar sanyinta ba ta cire ba. Garin neman gishiri ta ci karo da gwangwanin.

"Baba, mene ne wannan?"

"Duwatsu ne, 'yata. Bar su, kada ki koma mai giɓi irina."

Ta buɗe, ƙamshi ya cika ɗakin. Ta gutsura, ashe damshin tuffa ya tausasa shi, kayan ƙamshi sun ratsa.

"Wa ya yi?"

"Ni ne. So na yi ki tarar da ƙamshin uwarki."

Hedwig ta share ido, ta cire rigar, ta rataya a ƙusar da uwarta ke rataya tata.

"Baba, zuma ta yi yawa. Jibi zan nuna maka yadda Mama take yi."

"Jibi?"

"Jibi mana."

Shi ya sa har yau Jamusawa ke gasa biskit ɗinsu da wuri, su rufe shi da yankan tuffa, su zauna jiran wanda zai dawo gida.