Hoton Bishop a Bayan Rumbu

Ke Jessica, wa ya aike ki tambayar manya? Kin ga tabon laka a jikin hoton nan sai bakinki ya kama ƙaiƙayi. To zauna ki ji, kuma kada ki katse ni.

Akwai wani Bishop na cocin Angilikan a ƙasar Zuru, Bishop Markus. Ɗan manoma ne, ko da ya sa babbar riga bai daina riƙe fartanya ba. A da, in miji ya mutu, 'yan'uwansa kan ƙwace gona su bar mata da yara hannu wofi. Shi ya bi ƙauyuka da ƙafa, har Kanya, har Sakaba, yana hana wannan. Musulma ko Kirista, in dai mijinki ya mutu, Bishop na bayanki.

Da ya rasu, babban ɗansa Dominic ya sa aka yi ƙaton hotonsa, ya rataye a falo. Duk dattijon da ya shigo sai ya cire hula ya gaida hoton. Dominic kuwa ya riƙa kumbura: "Ni ɗan Bishop ne."

Sai ƙanensa soja ya mutu a bakin aiki, ya bar matarsa Leah da 'ya'ya da gonar gindin dutse. Dominic ya sa wa gonar ido. Ya kira dattawa a raba gado. Amma kafin su iso, ya sauke hoton, ya kai bayan rumbu, ya juya fuskarsa ga bango.

Dattawa suka shigo, suka cire hula. Babu komai sai ƙusa.

Tsoho Hamma, makiyayi, aminin marigayi, ya ce, "Ɗana, ina abokina ya tafi?"

"An kai shi gyara, Baba."

Bai rufe baki ba sai ga Leah, da hoton rungume a ƙirji, laka a gefensa. Ta goge shi da bakin zanenta, ta jingina a kujerar Dominic.

"Yaya, na sami Baba a bayan rumbu, kaji na tono kusa da shi. Ga shi nan. Faɗi abin da ka tara mu dominsa."

Dominic ya dubi hoton, ya ce a bar wa Leah gonarta. Hamma ya mayar da hularsa ya ce, "Ashe gyaran ya ƙare."

Gona ta zauna hannun Leah. Hoton ma Dominic da kansa ya kai mata, kai a sunkuye, ya ce ɗakinta ya fi cancanta.

Darasi: Duk abin da sai ka juya fuskar ubanka ga bango kafin ka aikata shi, bar shi. Ke mai ɗaukar muryata a waya, tura wa mutane su ji.

Yanzu kowa ya tashi ya kwanta. Gobe akwai noma.