Tayar Baya da Ragon Tabawa

Ku gyara zama, masu son gardama, yau na kawo muku abin yi. Ni Ɗanlami Na-Kulu shekara ashirin ina riƙe da sitiyari, kuma na sha faɗa a tasha cewa ko tari mota ta yi, na san ciwonta kafin makanike ya nemo takalminsa. To ga ranar da aka gwada ni.

Da hantsi ne, tsakiyar damina, na kai motata wurin Sallau mai faci ya canja mini tayar baya. Sallau taubashina ne, kun kuwa san mu, ba ma gaisawa sai da tsiya. Ya ɗora taya, ya murɗa noti biyar da yatsa kafin ya ɗaure su, ya juya shan ruwa. Ni kuwa na zare sifanarsa mai jan fenti na cusa ƙarƙashin kujerata. Ya bi layi yana nema yana zage-zage, ni ina ƙyaƙyata dariya. Ana haka sai ga mutane a guje: kububuwa ta sari Mato, wani mutumin garinmu, a gona, asibitin da ke da maganin kuma tafiyar awa guda ce. Na sauke mota daga jak, aka kwantar da shi a baya, muka ɗau hanya da matarsa Tabawa, da yayansa Baba Nagoma makaho, da Cindo ɗan dako da ya goyo shi. Wallahi zancen noti bai faɗo mini a rai ba.

Ba mu yi nisa ba mota ta fara gurnani, ruuu, kamar ana niƙa a ƙarƙashinmu. Na ce kwalta ce ta lalace, na ƙara wuta. Ƙafar Mato ta kumbura, jini na tsattsafowa daga dasashinsa. Baba Nagoma ya karkata kai ya ce, "Ɗanlami, fitar da giya." Na fitar, injin ya yi laushi, ƙara tana nan. Ya ce, "To ba inji ba ne. Taɓa birki." Na taɓa, gurnani ya koma ƙwas-ƙwas. Ya daka mini tsawa: "Tayar baya ta hagu! Tsaya, ɗan nan, kafin ka kashe mu!" Na tsaya dab da gangaren gada. Ya lallaɓa ya shafa: noti uku sun faɗi, biyu suna lilo, taya ta karkace. Da ba don kunnensa ba, a cikin kogi za a tsince mu.

Muna tsaye cirko-cirko sai ga Sallau a kan babur, ko hula babu. Ashe da ya dawo bai ga mota ba, ya tuna bai ɗaure ba, ya ari babur ya biyo mu. Tabawa na kuka tana cewa, "A dajin nan ina za a sami noti?" Sallau ya ce, "Ga su a jikin motar. Sauran tayoyi uku kowacce ta ba da ɗaya. Sifana kawai nake nema." Na zagaya, na zaro ta, na ce, "Ga tawa, ba na tafiya ba ita." Ya dube ta, ya dube ni, ya durƙusa. Da ba don dabararsa ba, a nan za mu yini.

Sai dai taya ba ta zama daidai sai an ɗaga mota, jak kuwa na baro shi can gindin bishiyar Sallau. Cindo ya tuɓe riga, ya juya baya, ya kama gindin mota ya ce, "Bismillahi." Ta tashi. Ƙafafunsa na rawa, jijiyar wuyansa kamar igiyar guga, Mato na nishi a ciki, amma bai saki ba har Sallau ya zaunar da taya ya ɗaure noti na ƙarshe. Da ba don ƙarfinsa ba, dabara ba ta da amfani.

Muka isa. Likita ya ce da mun ƙara ɗan jinkiri, sai dai wani zancen. Da Mato ya buɗe ido, Tabawa ta yi alwashin ragonta da take kiwo ga wanda ya ceci mijinta. Ni kuwa baki bai mutu ba, a ƙofar asibiti cike da 'yan garinmu na gyara hula na ce, "Kada dai a manta da mai sifana."

Sallau ya ɗaga sifanar sama ya ce, "Gaskiya ne, taubashi. Jama'a, jan fentin nan na jikinta, kayan aikin wa kuka san shi a kai?"

Kowa kuwa ya san na Sallau ne. Tabawa ta dube ni, kallon da har yau in na tuna sai na sauya hanya.

Ni dai an cire ni, ko ƙafar ragon ban sa rai ba. Amma rago ɗaya ne, ta kuma rantse ba za a yanka a raba ba. To, tsakanin mai kunne, da mai dabara, da mai ƙarfi, wa za a miƙa wa igiyarsa?