Kalmasar da Ke Cikin Ƙasa

Akwai wani tela, gwani a sana'arsa, wanda ciwonsa ɗaya ne a duniya: ba ya iya ganin abu mai kyau a hannun ƙaninsa ya kwana lafiya. Ƙanin direba ne, gidansu na jikin juna. In Direba ya sayi takalmi, ranar Tela nasa ke fara matsa masa ƙafa.

A tsakar gidan Tela akwai itacen lemo da mahaifinsu ya dasa da hannunsa shekara guda kafin ya rasu. Awakin unguwa sun sa itacen a gaba, kullum suna gwaguyar ɓawonsa. Matar Tela ta yi magana har ta gaji.

"Maigida, a yi shinge. Itacen Baba zai mutu muna kallo."

"Za a yi," in ji shi, ƙafarsa na kan keken ɗinki.

Ba a yi ba, sai da Direba ya kira wani kafinta ya kewaye nasa gidan da shingen katako, aka shafe shi da koren fenti. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya yaba. Har masu kawo wa Tela ɗinki sai su ce, "Kai, ƙanin nan naka ya iya zaɓen ma'aikaci!" Tela ya yi murmushin dole, zuciyarsa kuwa na tafasa. Rannan da ƙanin ya fita aiki, ya ɗauki tef ɗinsa na awo ya je ya auna shingen, kamar mai auna wa mutum riga.

Ya sayo turakan ƙarfe da katako irin na ƙanin sak, ya aika aka kira kafintan nan.

"Irin na ƙanina nake so, amma nawa ya ɗara nasa tsawo da kamu ɗaya."

Kafinta ya duba turakan, ya girgiza kai. "Maigida, waɗannan tsawonsu ɗaya da nasa. In kana son ƙarin tsawo, sai a yi odar dogaye. Mako biyu za su iso."

Mako biyu! Mako biyu yana kallon koren shingen nan ta tagar shagonsa? Tela ya ce ina.

"Nawa ne ke shiga cikin ƙasa?"

"Kashi ɗaya cikin uku."

Tela ya tafa hannu yana dariya. "To ai ga tsawon nan kun binne! Mu in wando ya yi wa mutum gajere, kalmasa muke warwarewa. Warware min kalmasar, malam. Wa ke ganin abin da ke cikin ƙasa?"

"Iska na gani," in ji Kafinta. "Wando ƙugu ke riƙe shi, shinge kuwa abin da aka binne ke riƙe shi. Ni ba zan sa hannuna a wannan aiki ba. Gobe in ya faɗi, sunana za a kira."

Ya tattara kayan aikinsa ya tafi. Tela ya bi shi da harara, ya ce wa matarsa, "Kin gani? Ƙanina ya hure masa kunne. Ba sa so in fi shi."

Ba a daɗe ba ya samo wani mai aikin, irin wanda komai ka faɗa sai ya ce, "An gama, ranka ya daɗe." Aka tona ramuka waɗanda ko gwiwar hannu ba su kai ba, aka zuba siminti, tun bai gama bushewa ba aka buga katako. Tela ya sa aka yi fenti shuɗi mai ɗaukar ido. Shinge ya tashi ya leƙa na Direba ta sama. Ranar Tela ya ci abinci har da ƙari.

Direba ya shigo taya murna, ya ɗan dafa turke ɗaya, ya ji yana motsi.

"Yaya, wannan fa yana rawa. Bari in kira Kafinta ya tokare shi kafin ruwa ya sauka."

"Idonka ne ke rawa," in ji Tela. "Ko tsawon ne ya dame ka?"

Direba ya juya ya fita.

Ruwan farko ya jiƙa ƙasa ta yi laushi. Kwana uku bayan haka, da rana tsaka, hadari ya haɗo da iska mai ƙarfi. Tela na shago ya ji wata ƙara kamar an kifar da motar katako. Ya fito da gudu, almakashi a hannu. Ɓangare guda na shingen ya tuge gaba ɗaya, da dunƙulen simintinsa a gindi, ya kwanta a kan itacen lemo. Itacen ya tsage biyu tun daga tushe. Koren shingen maƙwabta kuwa na nan tsaye, ruwa na wanke shi.

Direba ya shigo a jiƙe. Bai ko kalli shingen ba. Ya durƙusa gaban itacen, ya ɗauki wani ɗanyen lemo daga cikin laka ya riƙe, hawaye na zubo masa.

"Yaya, ka san tun ranar da aka raba gidan nan nake jin ƙyashinka? Kullum in na leƙo na ga itacen Baba a wajenka sai in ce ka fi ni gida. Shinge kuwa, ai katako ne, ko gobe a sake wani."

Tela ya ajiye almakashin. Ya zauna a cikin laka kusa da ƙaninsa, ya kama reshen da ya karye yana ƙoƙarin haɗa shi da ɗan'uwansa, ya ƙi haɗuwa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, mai hassada yakan ƙura ido a kan abin da ke hannun wani har ya manta da alherin da ke nasa hannun, sai ya rasa shi sannan ya san darajarsa. Haka kuma, in ka kira mai sana'a ya ce maka abu ba zai yiwu ba, ka saurare shi, kada ka nemi wanda zai gaya maka abin da kake son ji. Aikin da ido ba ya gani shi ke riƙe wanda ake yabo.